Bindigar Datti a Damin Rake

Datti yana da wani ɗan aibi da bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko da yake duk ƙauyen an sani: in zai harba bindigarsa, runtse ido yake yi. Ba runtse ido ɗaya irin na maharba ba, duka biyun yake rufewa, har da kau da kai gefe kamar wanda wanzami zai cire wa haƙori. Sai ƙarar ta lafa, hayaƙi ya washe, sannan ya buɗe ido ya tarar babu tsuntsu ko ɗaya a kan alkamarsa. Daga nan sai ya gyara tsayuwa, ya dubi gabas ya dubi yamma, ko akwai wanda ya ga aikin maza. Mu da muka haura arba'in bai kamata mu yi masa dariya ba. Kowannenmu yana da abin da yake runtse wa ido, nasa ne kawai aka yi rashin sa'a yake da ƙara.

Bindigar ta toka ce, doguwa, ta mahaifinsa. Marigayin ya yi farauta da ita tun kafin a haƙa kanal na ruwan noman rani a ƙasar Kura, lokacin da wurin gonakin nan duk daji ne. Datti bai gaji farautar ba, bindigar kawai ya gada. Albarushi yake ɗura mata ya danna tsumma, babu harsashi, kuma tun da ta zo hannunsa ko ƙadangare ba ta kashe ba. Aikinta ɗaya ne a shekara. In alkamar rani ta fitar da kai ta yi nono, sai jan-baki su zo. Tsuntsaye ne ƙanana, ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma ba sa zuwa ɗaya-ɗaya. Kamar hadari suke tasowa daga bayan kanal, da sassafe da kuma bayan la'asar, kuma in aka bar su da gona kwana kaɗan, mai ita ƙaiƙayi zai girbe.

A wannan shekarar, shekarar zaɓe, Datti ba shi da komai sai alkamar nan. Bara tumatir ya kwance masa zani a kasuwar Kwanar Gafan, har ya rantse ba zai ƙara shuka abin da ba ya iya jiran mai saye ba. Saboda haka abincin gidansa har zuwa damina yana tsaye ne a gonar nan, kore shar, yana jiran wanda zai riga wani tsakanin Datti da jan-baki.

Gonar da ke jikin tasa ta Jaji ce, ɗan kawunsa, wato taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya kiransa da komai sai “bawana”. Jaji ba shi da bindiga. Tsohuwar garwa ce da shi da sanda da maƙogwaro, kuma duk shekara sai ya yi kukan cewa tsuntsaye sun fi son gonarsa. Datti kan ce masa maganin abin ya nemi kayan aiki.

Ranar wata Talata da safe, jan-baki suka sauka kamar yadda suka saba. Datti ya ɗaga bindiga, ya kau da kai, ya runtse ido, ya ja kunama. Sai ya ji “ƙas”. Ya ci gaba da tsayuwa a haka, ido a rufe, yana jiran ƙarar da ba ta zo ba, har sai da muryar Jaji ta ƙetaro iyaka.

“Buɗe idonka, bawana. Ba ta tashi ba.”

Wani ɗan ƙarfe ne a cikinta ya karye. A duk yankin mutum ɗaya ne ya rage mai taɓa irin wannan aiki, wani tsohon maƙeri Ibrahimu da ke zama a kasuwar Bunkure. Datti ya wuni yana korar tsuntsaye da ihu da jifa, ya koma gida muryarsa a dishe, ya gaya wa matarsa Ummulkhairi cewa ranar kasuwa zai kai bindigar gyara.

Tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗago ba ta ce, “Malam, kai ba ka jin rediyo ne? Kullum sai sun maimaita. Har a gama zaɓe, duk wanda aka kama da makami a mota, ko a kasuwa, ko wurin taro, ya kuka da kansa. Har barandami suka ambata.”

“Makami suka ce. Wannan yanzu ai sanda ce mai rami.”

“To in sun tare ka sai ka gaya musu haka.”

“Ke ba ki san doka ba. Abin da ba ya harbi ba bindiga ba ne.”

“Jaki ko ya mutu ai ba ya komawa tunkiya.”

Datti ya ce mata ai yana da lasisi. Wannan gaskiya ne, ta wani gefen. Mahaifinsa ya taɓa yin lasisin, da sunansa, kuma Datti ya ɗauka tun da aka raba gado bindiga ta faɗo a rabonsa, to lasisin ma ya biyo ta, kamar yadda ɗan akuya ke bin uwarsa. Bai taɓa sabunta shi ba, don bai san yana tsufa ba.

Ummulkhairi ta ce, “Ka fara zuwa wurin mai unguwa mana, ya raka ka caji ofis ku tambaya.”

“In kai kaina? Mutum ya je ya tsokano tsuliyar dodo yana zaman zamansa? Kafin su gama ‘dawo gobe’ jan-baki sun gama da ni.”

Sai ya shiga tunanin yadda ake tafiya da dogon abu ba tare da an san dogon abu ne ba. Ya naɗe ta a tabarma, Ummulkhairi ta ce ta yi kama da gawar wani siriri. Ya gwada buhu, rabinta na waje. Can ya tuna da masu saran rake a bakin kanal. Ya je ya sayo dami guda mai kyau, farin rake mai kauri, ya kwance shi a zaure, ya kwantar da bindigar a tsakiya, ya jera sandunan a kewaye, ya ɗaure sama da ƙasa, ya cusa ganye a bakin. Ya ja baya ya duba. Ko shi da ya yi aikin, rake yake gani.

“Kin gani? Allah Ya ba mu kai, ba don ɗaukar hula kaɗai ba.”

Ta leƙo ta dubi damin, ta dube shi. “Allah Ya kiyaye hanya,” ta ce, ta koma madafa.

Lissafinsa ya tafi daidai. Zai kori tsuntsayen safe, ya shiga mota da hantsi, maƙeri ya yi aikinsa kafin azahar, ya dawo kafin la'asar ya tari na yamma da bindiga mai rai. Abu ɗaya ya manta, kuma abu ne da ko yaye aka yi wa mutum a ƙasar nan ya san shi: wanda ya shiga motar kasuwa da rake, ya shigo da na jama'a ne.

Motar a-kori-kura ce, mutane da kaya duk a baya. Akwai masu kwandunan albasa, da wani mai kaji, da wata tsohuwa Gwaggo Saude da ke kai daddawa, wadda ta san Datti tun yana tsumman goyo. Datti ya samu lungu ya zauna, ya jingina damin a kafaɗarsa ya rungume. Mota na shirin tashi sai ga Jaji da gudu, zai je sayen igiya. Ya ɗare, ya nemi wuri, bai samu ko'ina ba sai gefen Datti.

Ya dubi damin sama da ƙasa. “Bawana, yaushe ka fara noman rake?”

“Saƙo ne.”

“Na wa?”

“Na wani.”

“Allah sarki. Wanin nan yana da masoya.”

Ba su kai kwalta ba rana ta fara dukan mutane. Gwaggo Saude ta goge wuya da bakin mayafi ta ce ita maƙogwaronta ya bushe tun asuba, ba ta ce da kowa ba, da iska take magana. Duk motar aka yi shiru irin shirun da ake yi wa mai rake. Datti ya ƙura wa wata bishiya ido har ta wuce.

Jaji ya ce, “Gwaggo, ai ga ɗanki da dami guda. Kunya ce ta hana shi yi miki tayi.”

“Wane? Dattin? Ai ubansa ba ya wuce mutum da abu a hannu. Allah Ya jiƙan Malam.”

An ambaci uba, magana ta ƙare. Datti ya lalubi sanda ɗaya ta can gefe ya zare a hankali, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa albarka. Mai kaji ya fito da wuƙa ya ce bari ya taimaka wa tsohuwa da ferewa, kuma wanda ya fere ai ba a hana shi gaɓa. Masu albasa su uku ne, ba a ba ɗaya a bar biyu. A wani ƙauye wata mata ta shigo da 'ya'yanta, suka zuba wa rake ido ba ƙiftawa. Wani malami ya hau a gaba kaɗan, ya yi sallama, ya tambayi na waye wannan alheri, aka nuna masa Datti, ya yi masa doguwar addu'a tun kafin a ba shi. Bayan addu'a irin wannan ba a cewa saƙo ne.

Duk sandar da ta fita, igiya sai ta ƙara saki. Datti ya matse damin da gwiwa, ya tallafe da hannu ɗaya, ya ja babbar rigarsa ya lulluɓe ƙasan. Gumi ya karyo masa. Motar ta cika da ƙarar tauna da tofar da tuƙa, kowa na yabon zaƙin raken da halin mai shi. Tun da aka haife shi ba a taɓa yabonsa haka a bainar jama'a ba, kuma bai taɓa jin yabo mai ɗaci irin wannan ba.

“A miƙa wa direba mana,” in ji Jaji. “Shi ba mutum ba ne?”

Datti ya matso da bakinsa kunnen Jaji. “Don girman Allah ka rufa mini asiri.”

“Me ka ce? Iska ta yi yawa.”

“Na ce ka bari haka.”

Jaji ya yi murmushi ya buɗe baki zai ba da amsa, sai motar ta rage gudu. Bayan kwanar Ƙarfi, a inda ba a saba tsayawa ba, an gindaya itace da tayoyi. 'Yan sanda ne. Murmushin Jaji ya tafi inda ya fito.

Wani saje mai furfura a saje ya zagayo bayan motar. Ya gaishe da Gwaggo Saude, ya ɗaga murfin kwando, ya leƙa kejin kaji. Yana shirin ɗaga wa direba hannu sai Gwaggo, wadda zaƙi ya buɗe wa zuciya, ta ce, “Ɗan nan, kun sha rana. Datti, ba ka ba yallaɓai rake ba?”

Sajen ya ce a'a, ya gode, suna bakin aiki. Amma idonsa ya riga ya sauka kan damin. Abin da ya rage sanduna ne 'yan kaɗan, sun rungume wani abu baƙi mai santsi wanda ba shi da gaɓa.

“Malam, wannan wane irin rake ne?”

Datti ya dubi damin kamar yau ya fara ganinsa. Igiyar ƙasa ta zaɓi wannan lokacin ta zame, sandunan suka baje, bindigar marigayi ta tsaya a tsakiyar mota ita kaɗai.

Matar nan ta janye 'ya'yanta da salati. Mai kaji ya dire ƙasa ta gefe. Malamin da ya yi addu'a ya dubi guntun raken da ke hannunsa, ya ajiye shi a hankali.

“Yallaɓai, ba ta tashi,” in ji Datti. “Wallahi ba ta tashi. Gyara zan kai ta.”

“Sauko da ita. Bakin ya kalli sama.”

Aka tafi da shi caji ofis a motar 'yan sanda, Jaji ya biyo su a kan acaɓa. Aka zaunar da Datti a kan benci a bayan kanta, aka jingina bindigar a bango kusa da wasu gorori da adduna da aka ƙwace a wurin 'yan bangar siyasa. Ganinta a cikin wannan zuri'a ya fi komai yi masa ciwo.

Sajen bai yi masa tsawa ba, wanda da ya yi da ya fi sauƙi. Ya zura sanda a bakin bindigar, ya zaro tsumma, ya zazzage albarushin da Datti ya manta yana ciki tun ranar Talata. Ya nuna masa a tafin hannu.

“Ka ce ba ta tashi.”

“Kunamar ce ta…”

“Na ji. Ni na yarda da kai. Fuskarka ba ta ɗan fashi ba ce, ta mai gona ce da rana ta dafa. Amma matar nan mai yara, ita ta san kunama ta karye? Mai tsoro ba ya tambayar lafiyar kunama.” Ya karkaɗe hannunsa. “Inda na yi aiki kafin nan, wani mafarauci ya shiga mota da irin wannan, shi ma ya rantse ba ta tashi. Mota ta faɗa rami. Har yau wata baiwar Allah da sanda take tafiya. Shi ma mutumin kirki ne.”

Datti ya sunkuyar da kai. Can ya ce yana da lasisi a gida, na mahaifinsa.

“Mahaifin naka yana ina?”

“Ya rasu.”

“Allah Ya jiƙansa. To lasisin ma ya bi shi. Ba gona ba ce da ake gada. Kuma ko naka ne, sabo fil, bai ba ka ikon shiga da ita motar haya ka nufi kasuwa a wannan lokaci ba. Da ka zo nan tun farko ka ce ga damuwarka, da an san yadda aka yi. Amma ka ɓoye ta. Wanda ya ɓoye abu ya riga ya ba da shaida a kan kansa.”

“Yallaɓai, alkamata ce. Jan-baki. In la'asar ta yi ba na can…”

Sajen ya ce shi ma ɗan manomi ne, ya san jan-baki. Amma maganar bindiga ba a hannunsa take ba, sai mai gidansu, shugaban ofishin, ya dawo daga wurin taro, kuma sai mai unguwar su Datti ya zo ya tsaya masa.

Jaji, da ke tsaye a bakin ƙofa tun ɗazu kamar an dasa shi, ya tambayi ƙarfe nawa mai gidan zai dawo. Aka ce ba a sani ba. Ya dubi inuwa a ƙasa, ya dubi Datti, ya juya ya fita. Datti ya ji tashin babur. Ya ce a ransa, to, taubashi ke nan. Ya cinye maka rake, ya kai ka hannun hukuma, ya tafi sayen igiya.

Aka kira azahar, aka bar shi ya yi salla a gindin wata darbejiya, wani kofur yana gefe. Ya dawo benci. Inuwar ginin ta fara tsawo, shi kuma ba abin da yake gani sai gonarsa. Yana ganin hadarin nan yana tasowa daga bayan kanal, yana juyi sau ɗaya, yana sauka, zangarniya na sunkuyawa da nauyinsu. Da aka kira la'asar sai ya ji kamar an kira sallar gawa. Ya tuna Ummulkhairi da tankaɗenta, da “Allah Ya kiyaye hanya” ɗin nan da ta faɗa, ya gane tun a zaure ta riga ta ga ƙarshen damin.

Rana ta yi sanyi sannan mai unguwa ya iso, yana huci, yana cewa Jaji ne ya tashe shi daga barcin rana. Mai gidan 'yan sandan ma ya dawo. Aka yi magana mai tsawo, wadda yawancinta Datti ya saurara da kai a ƙasa. Mai unguwa ya ba da tarihin bindigar tun daga kakanni, ya rantse cewa Datti ko kaza aka ba shi yankawa sai ya nemi maƙwabci. Datti bai ji daɗin wannan shaida ba, amma ita ce ta fi aiki. Aka yanke cewa mutum ya tafi, bindiga ta zauna. In an gama zaɓe ya zo ya nemi lasisi da sunansa, in an ba shi ya karɓi abarsa.

Da zai fita, sajen ya miƙo masa ragowar sandunan rake a ɗaure. “Kayanka. Waɗannan doka ba ta hana ba.”

Bai bi ta gida ba. Daga bakin titi ya yanki hanyar kanal da sauri, rake a kafaɗa. Tun daga nesa ya fara jin ƙarar garwa, da wata murya da ta dishe har ta koma kamar ta agwagwa. Jaji ne, ba riga, a can tsakiyar gonar Datti, yana gudu yana dukan garwa yana zagin jan-baki da iyayensu. Alkamar Datti na tsaye. A gonar Jaji kuwa, gefen da ke nesa, tsuntsaye sun zauna suna cin abincin yamma ba mai ce musu kanzil.

Datti ya yar da rake ya ruga can yana ihu yana kaɗa babbar riga. Suka tashi. Da yake babu abin da zai yi ƙara a hannunsa, idonsa a buɗe yake, kuma a karo na farko a rayuwarsa ya ga abin da jan-baki ke yi in an kore su. Ba su koma bayan kanal ba. Sun yi sama kaɗan, suka karkata, suka ƙetare iyaka, suka sauka a gonarsa. Jaji ya doki garwa, suka tashi, suka karkata, suka dawo gonar Jaji.

Datti ya tsaya baki buɗe.

“Haka suke yi?”

“Haka suke yi,” in ji Jaji da ragowar muryarsa. “Tun zamanin da ka gaji bindigar nan. Kai ka harba, su zo wurina. In doki garwa, su koma wurinka. Sai dai taka ta fi ƙara, sun fi daɗewa a nawa.”

“Me ya hana ka gaya mini?”

“Na gaya maka. Ka ce in nemi kayan aiki.”

Suka zauna a bakin kanal bayan tsuntsayen sun tafi kwana. Datti ya karya rake ya miƙa wa Jaji rabi. Sun daɗe suna tauna kafin ya tambaye shi ko ya san abin da ke cikin damin.

“Rake ba ya warin albarushi, bawana.” Jaji ya tofar da tuƙa. “Na so ne kawai ka roƙe ni sau uku a gaban Gwaggo. Ka yi biyu. Wallahi ban san an sa shinge a wurin ba.”

“Da an ɗaure ni fa?”

“Da na gaji gonar. Kai kuma ka huta da jan-baki.”

A gida Ummulkhairi ba ta ce “na gaya maka” ba. Ta ajiye masa tuwo, ta tambayi ina sandar mai rami. Ya ce tana hutawa. Washegari ta fito da kwalin tsofaffin kaset ɗinsa, waɗanda rediyo ta daɗe da taunewa amma ya hana a zubar, ta zauna ta zare zarensu tas, ta ce ta ji masu shinkafa na ɗaura shi a gona. Shi da Jaji suka kafa karare suka ja zaren a kan gonakin biyu, yana ƙyalli yana kuka in iska ta taɓa shi. Suka daina tsayawa kowa a tasa. Ɗaya ya tsaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, su tashi tsuntsayen lokaci guda su tura su can bayan kanal inda babu shuka. Wata rana abin ya yi, wata rana jan-baki su nuna musu sun riga su zuwa duniya. A haka har alkama ta bushe aka sa lauje.

Aka yi zaɓe aka gama. Datti ya yi ta zirga-zirgar lasisi, mai unguwa na gaba yana baya, har aka ba shi da sunansa. Ranar da ya karɓo bindigar, a fili ya ɗauko ta, babu albarushi, da izini a aljihu, kuma a motar ba wanda ya roƙe shi komai, har wuri aka matsa masa. Maƙeri Ibrahimu ya gyara ta kafin shayinsa ya huce. Datti ya rataye ta a ɗaki, kuma har yau in an zauna a majalisa yakan ba da labarin shekarar da hukuma ta raba shi da kayan aikinsa a tsakiyar yaƙi, da yadda ya tsaya da hannu da maƙogwaro ya ceci abincin gidansa.

Alkamar da ya samu a shekarar daidai take da wadda ya saba samu duk shekara. Ta Jaji ce ta ƙaru.